Hannun Hagun Baba

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta ba. In na shiga ofishin malamai a makarantarmu ta firamare a nan Gwarzo, tambaya; in na zauna a majalisa bayan la'asar, tambaya. Wani ya ce wace allura suka yi wa mahaifina, wani ya ce ai ya ji wutar lantarki suke sa wa mutum a jijiya. Malam Bala kuwa, abokina da ke aikin jinya, ya rantse ruwan can ne ke buɗe ciki. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Sai dai ku yi mini uzuri, don har yau in na tuna tafiyar nan jin ta nake kamar barcin rana, irin wanda mutum zai farka ya rasa safiya ce ko yamma.

Mahaifina, Malam Haladu, mutumin wani ƙauye ne a bayan Kabo. Mu Filanin gida ne. Shanun sun ƙare tun Baba yana saurayi, Fillancin ya gudu daga bakinmu, kunyar ce kawai ta ƙi tafiya. Ni ne ɗan fari, don haka tun da nake ban taɓa jin ya kira sunana ba. “Kai” nake, in kuma da wani yake magana, “wancan na Gwarzo”.

Ana tsakar girbi ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Duk wanda ya zo dubiya magana ɗaya yake yi: alhamdulillahi da abin ya tsaya a hagu, ga dama nan lafiya, zai ci, zai gaisa, zai ja carbi. Ni ma haka na riƙa faɗa, har da gyaɗa kai irin na masu ilmi. Inna ta rasu shekara uku kafin nan, ƙannena kuma duk mata ne, saboda haka na ɗauko shi na ajiye a ɗakin soron gidana. Kullum da safe ni ke riƙe shi zuwa bayan gida, ni ke riƙe buta, ni ke yi masa abin da hannun hagu ke yi wa mutum. Shi ya kalli bango, ni in kalli ƙasa, in fito ina ƙiyasta ladan da nake kwasa.

Ƙafar ta fara sauƙi, har yana jan ta da sanda, amma cin abinci ya tsaya. Loma biyu, ya ture kwano. Furar da a da in ba a dama masa ba gidan ba ya zaman lafiya, yanzu sai ta kwana ta yi tsami a gabansa. Na kai shi asibiti, lokacin kuwa lokacin tsuke bakin aljihu ne, likita ya rubuta magani a takarda ka je ka nemo inda Allah Ya ajiye shi. Suka duba suka ce cikinsa lafiya lau. Wata bakwai, Baba ya zama ƙashi da rai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina kallon ubana yana ƙarewa a soron gidana ba tare da wata cutar da zan nuna da yatsa ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce, masallatai sun cika har waje, ni kaina na tsayar da gemu na ɗage wando. Masallacin unguwarmu bango ɗaya ne da gidana, amma Baba ya ƙi shiga. Ina so a ga mahaifina a sahun gaba, kuma na sa wa raina shi ma abin da yake so ke nan. Da wani Alhaji mai fataucin wake ya ce mini akwai wani mutum a wani asibiti a Maraɗi wanda aikinsa koya wa waɗanda ciwo ya karya yadda za su koma harkokinsu na yau da kullum, sahun gaban nan na hango.

Mun tashi daga tashar Gwarzo da hantsi, a Fijon wani direba Ɗanladi. Gidajen mai duk sun ɗaure igiya a ƙofa, don haka bayan motar cike yake da jarkoki, warin fetur har cikin haƙora. Saboda sabon tsari aka zuba mata a kujerar baya, maza a tsakiya, Baba a gaba saboda ƙafarsa. Wata tsohuwa mai kwandon zabi ta ce ita dai shekarunta sun wuce a raba ta da kowa, amma ta shiga bayan, tana mita har Dayi.

Muna wuce Kankiya taya ta fashe, sifiya kuma ba iska. Ɗanladi ya ce, “Minti biyar, Malam,” ya tare ɗan acaba ya ɗora tayar a cinya. Duk wanda ya san minti biyar ɗin direba ya san shimfiɗa ta kama shi. Muka zauna a gindin wata tsamiya. Bazara ce, rana ta take, kawalwalniya ta kwanta a kan kwalta sai ka ce tafki. Can Baba, wanda ya yi makonni ban ji jimla guda daga bakinsa ba, ya fara magana, ba da ni ba, da iska.

“Ta nan muke bi,” in ji shi. “Burtalin yana bayan dutsen can. In ruwan farko ya sauka, sai arewa.”

Ya riƙa lissafa shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya, jar nan mai karyayyen ƙaho, da farar da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai shi. Ban san ko barci ne ya sace ni ba, amma wallahi na ga shanun suna ratsa ruwan nan na kan kwalta, ruwan bai kai musu gwiwa ba, da wani yaro siriri a bayansu ya gitta sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa biyu a kanta. Muryar tsohuwar ce ta dawo da ni. Tana miƙa wa Baba dafaffen ƙwan zabi, yana girgiza kai. Ko ruwa bai sha ba, leɓe kawai ya jiƙa, kuma na tuna tun jiya da ya ji za a yi tafiya bai sa komai a bakinsa ba.

Bayan la'asar muka wuce Jibiya muka isa iyaka. Jami'anmu na wannan ɓangaren suka leƙa, suka yi wa Baba sannu, suka ɗaga sanda. Jandarman Nijar kuwa ba ya sauri. Ya karɓi katin shaidata na makaranta, ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Hoton tun kafin gemu ne.

“Wanga ƙanenka ne?” ya ce.

Sai da na rufe gemun da tafin hannu kafin ya yarda ni ne, 'yan mota suna ta dariya, tsohuwar nan ta fi kowa. Ya zagaya wajen Baba ya tambayi sunansa, na amsa. Ya tambayi garinsa, na amsa. Ya ɗago ya ce, “Tsohon ba ya da baki?” Na koma mota ina cewa a raina mutanen nan ba su san girman manya ba.

A Maraɗi muka sauka gidan wata Hajiya Mariyama, kusa da asibitin, wadda ke saukar da masu jinya. Mace ce mai jiki da murya, ba ta tambayar ko kana jin yunwa, ajiyewa kawai take yi. A nan na fara cin dambu da zogale har sau biyu a rana, da wani burodi dogo mai tauri wanda za ka iya korar akuya da shi. Shayinsu kuwa ba irin namu na madara a kofin silba ba ne; ɗan mitsitsi ne, sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka gari zai mutu. Kantuna a rufe, ofisoshi a rufe, har jakunan amalanke sai ka gan su tsaye idanu a lumshe. Mu a Gwarzo wanda ya kwanta da azahar malalaci ne, su a can wanda bai kwanta ba ne ake yi wa kallon mai taɓin hankali. Ga mata tsofai-tsofai a kan babur, da lulluɓinsu da komai, ba mai waiwayensu sai ni. Hajiya ta yi wa Baba kunu, ta yi fura, ta yi romo, duk ya ture.

Mutumin da muka zo dominsa Mushe Isufu ake ce masa, wato Malam Isufu a Faransancinsu, siriri ne mai furfura, da silifa a ƙafa. Na shiga ɗakinsa ina neman na'urori, sai na ga buta, ludayi, tabarma, riga mai maɓallai, fartanya, har da turmi, kamar an kwaso rumfar 'yan gwanjo. Ya gaida Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi hanya, ya jawo 'yar kujera ya zauna ƙasa da shi.

“Baba, cikin abubuwan da kake yi da, wane ka hi kewa?”

“Masallaci,” na ce. “So yake ya taka da ƙafarsa har sahun gaba.”

“To, madalla. Baba, in ka tashi da sahe, mi ya hi ba ka wuya?”

“Sa riga,” na ce. “Amma wannan ba komai, ina sa masa.”

Ya juyo ya dube ni yana murmushi. “Malam, kai ne ba ka da lahiya?”

Na gyara zama na yi masa bayani irin na malamin makaranta, cewa a wurinmu babba ba ya faɗin bukatarsa da bakinsa, ɗa ne ke faɗa a madadinsa, kuma wannan shi ne ladabi. Ya saurare ni har na gama.

“Mu ma haka muke,” ya ce. “Ubana ma haka yake. Amma mai ɗaki shi ya san inda ke mishi yoyo.”

Ya koma kan Baba. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “Duk yadda likita ya ce.”

“Ni ba ni da ta cewa, Baba. Jikin naka ne, gidan naka ne. Gobe ma rana ce.”

Na fito raina a ɓace. Mun keto ƙasa guda, mun sha warin fetur, ba allura, ba ƙwaya, sai tambaya kamar a kotu.

Kashegari ya roƙe ni da ladabi in jira a gindin darbejiyar da ke waje. Ta taga nake hango su. Bai zauna yana fuskantar Baba ba, gefensa ya zauna, su biyu suna kallon bango ɗaya, ga ɗan gawayin shayi a tsakaninsu. Suka yi kusan awa guda ban ga bakin kowa ya motsa ba, ni kuma gyangyaɗi yana ɗauka ta yana saukewa. Rana ta uku ce na ga Baba yana magana. Kansa a karkace yake wajen bango, daidai yadda yake yi da safe in ina riƙe da buta, amma ko a lokacin ban gane ba.

Da suka fito na tare Mushe Isufu na ce me Baba ya ce.

“Maganarshi ce,” ya ce. “In ya so ka ji, za ka ji.”

Wannan ta yi mini zafi. Ni na kawo shi, ni nake wanke shi, yau kuma ni ake ɓoye wa magana. Ya miƙo mini takarda: jarka ɗaya, tiyo, igiya mai ƙwari, da tsohuwar kujerar katako. Na je kasuwa na sayo ina cewa ƙila igiyar ta jan ƙafa ce. Kwana biyu suna aiki a bayan ɗakin tare da wani kafinta. Sau ɗaya na jiyo muryar Baba a sama, muryar da na manta da ita: “Ba haka ake ƙulli ba! Kawo nan.” Ashe ƙullin dangwali yake koya wa likitan, wanda makiyaya ke ɗaure maruƙa da shi, hannu ɗaya ke ja ya kwance. Wata yamma kuma suka tafi wurin tsohon limamin unguwar su biyu, aka bar ni da Hajiya ina tsince mata zogale.

Ranar kwana na shida da safe na ɗauki buta kamar kullum, na riƙe gwiwar hannun Baba har bakin bayan gidan Hajiya. Muna isa ya gitta sandarsa a ƙofar zanar.

“Tsaya nan,” ya ce.

Kafin ya ja zanar na ga abin da aka shirya jiya ina masallaci. Kujerar nan ce an huda tsakiyarta. Ga igiya a rataye da zai kama ya zauna ya tashi. Ga jarkar a saƙale a gwafa, da tiyo a bakinta, da wani ɗan itace a ƙasa wanda in ya taka da ƙafar dama jarkar za ta karkata ruwa ya zubo. Tsarki aikin hannu biyu ne, ɗaya na zuba ruwa ɗaya na wankewa. Duk garin Gwarzo muna ta yi masa barka da hannun cin tuwo, ba wanda ya tuna da wannan. Tambayar da ya kai wa liman ita ce ko mai lalura zai iya yi da dama, liman ya ce lalura tana da hukuncinta.

Na tsaya da butata ina jin ƙarar ruwa a bayan zana, a nan komai ya faɗo mini. Loma biyu. Ƙwan zabin da ya ƙi. Ruwan da ya jiƙa leɓe da shi a hanya. Baba ba abinci ya ƙi ba. Yana rage ci ne don ya rage sau nawa ɗansa na fari, wanda ko sunansa ba ya iya kira, zai durƙusa a bayansa. Wata bakwai ina tara lada, shi yana biya da naman jikinsa. Kunya da tausayi suka haɗu suka rufe ni, na yi kuka a tsaye kamar ƙaramin yaro. Hajiya Mariyama ta zo wucewa da tsintsiya, ta dube ni, ta dubi zanar, ta zare butar daga hannuna.

“Kawo ta, ɗana,” ta ce. “Yau ba ta da aiki.”

Da rana Baba ya cinye kwanon dambu ya tura a ƙaro. Hajiya ta ƙaro, sai da ta shiga madafa na ji ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa.

Da muka je sallama na ba Mushe Isufu haƙuri, na ce shi dai Allah Ya ba shi ganin abin da ke ɓoye. Ya yi dariya. “Wane gani? Ni da na ga tahin hannunshi na ɗauka gona yake kewa, har na jawo hwartanya kusa. Ban sani ba, Malam. Shi ya sa nake tambaya.”

A hanyar dawowa muka sake faɗawa hannun jandarman nan. Ya zagaya motar yana kallon kujera mai rami da jarka da gwafa a ɗaure a sama, ya leƙo ya tambayi Baba mene ne wannan. Bakina ya buɗe da kansa, na kama shi na rufe.

“Kayan aikina ne,” in ji Baba.

Da na ba Malam Bala labarin yadda mutumin ke aiki, cewa ya yi, “Ai mu ma haka muke yi. Duk marar lafiyar da aka kawo, sai mun tambayi wanda ya kawo shi me yake so.” Na so in yi dariya, sai na tuna ni ne wanda ya kawo shin. Masu tambayar sahun gaba kuma, har yau Baba bai kai can ba, bai kuma ce yana so ba. Yana zuwa masallacin ƙauyensu da sandarsa, ya zauna a bakin ƙofa inda ƙafar za ta miƙe. Daga baya na gane abin da ya hana shi shiga namu shi ne shakkar tsarkinsa.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa a majalisa ba. Da muka iso Gwarzo Baba ya ƙi sauka, ya ce a wuce da shi gida. Muka isa ƙauyenmu na bayan Kabo da azahar, na kafa gwafa, na rataya jarka, shi ya yi ƙullin da kansa. Ƙanwata Hansai, wadda ke aure a nan cikin ƙauyen, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na ajiye masa a soro na juya zan fita, don ko a Maraɗi da yake ci, ba ya ci ina wurin.

“Kai,” ya ce. “Zauna.”

Na zauna, na wanke hannu, muka sa hannu a kwano ɗaya. Yana cikin ci ya ɗago kai. Tun ranar da na fara riƙe masa buta bai kalli fuskata ba, sai ranar. Ya daɗe yana kallo, daga gemun da bai san na tsayar ba har zuwa wuyan rigata. Sannan ya tura ɓangaren da ya fi miya zuwa gabana.

“Ashe kai ma ka rame,” ya ce.